Kwalba Mai Jimina

Yanzu likitocina huɗu. Akwai na ido, akwai na zuciya, akwai na gwiwa, sai wata 'yar siririya mai fara'a wadda aikinta ta ji abin da sauran ukun suka ce ta rubuta. Kowannensu iyakar gonarsa yake dubawa. Na taɓa ce wa na ido bayana yana ciwo, ya yi murmushi ya ce ba sashensa ba ne. 'Yata da nake zaune a gidanta a nan Largo, ƙasar Turawa, nas ce a asibiti, ita ke jera mini ƙwayoyi duk ranar Lahadi a wani ɗan akwatin roba mai ɗaki bakwai, kowace rana da ɗakinta. Ba na gardama, ina sha. Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne tallar magani a talabijin ɗin ƙasar nan. Za a nuna tsohuwa tana dariya da jikokinta a lambu, sai wata murya ta biyo baya da sauri-sauri kamar ana korarta. Na tambayi jikata me muryar ke cewa, ta ba ni amsa da Turanci kamar kullum, uwarta ta fassara mini: wai maganin yana iya sa jiri, yana iya sa amai, yana iya taɓa hanta, wani ma in ya sha sai ya mutu. Na ce, shi mai tallar ne ke faɗin haka da bakinsa? Aka ce doka ce ta tilasta shi. Ni kuwa 'yar mai tallar magani ce, na san yadda ake yin ta a da.

Abin da ya tayar mini da tsohon zance, wata Asabar ce muka je garin Gaithersburg sayen daddawa da busasshen kifi a shagon wata Hajiya 'yar Kumasi. Muna cikin gaisawa ta ga ina dafa ƙugu, sai ta sunkuya ta ɗauko wata baƙar kwalba daga ƙarƙashin kanta ta miƙo mini. Da Hausarsu ta can ta ce, "Hajiya, wannan daga gida ya zo. Ciwon baya, basir, suga, hawan jini, duka shi na kashewa." Kafin in gama juya kwalbar 'yata ta karɓe ta daga hannuna. "Mama, kada ma ki soma. Ba mu san abin da ke ciki ba." Ni kuwa ba saya zan yi ba. Nauyinta ne a tafin hannu, da yadda baƙin ruwan ke gangarawa a hankali in an karkata ta, suka mayar da ni tsakar gidanmu.

Garinmu ƙaramin gari ne a bakin layin dogo, inda jirgi kan tsaya ya sha ruwa, a loda masa gyaɗa, ya wuce. Zamanin mulkin Bature ne, amma mu yara ba kasafai muke ganin Baturen ba, kayansa muke gani: ashana, sabulun kanti, fitilar ƙwai, daga baya kuma magani. Kafin maganin kanti ya yawaita, duk ciwon da ya shigo gidanmu ɗakin Kaka yake nufa, wato mahaifiyar Babana. Ɗakin nan ko ido rufe ka shiga ka san inda kake, saboda ƙamshin sassaƙe da saiwoyin da ke rataye a jikin azara. Ita a wurinta kowace cuta da bishiyarta. Masassara, a dafa ganyen darbejiya, a lulluɓe ka da gwado ka yi sirace har gumi ya riƙa ɗiga ta haɓarka. Ciwon ciki, a jiƙa jar kanwa. Gudawa, sabara. Shawara, saiwar rawaya a cikin kunu. Tari, zuma da citta. In abin ya ƙi, a karɓo rubutu wurin malam, ko a kira wanzami ya kafa ƙaho. In duk an yi wannan bai ji ba, sai a ce kwana ne ya ƙare. Da hantsi sautin gidanmu ke nan, taɓaryar Inna mahaifiyarmu tana sauka a babban turmi, ɗan ƙaramin turmin Kaka yana amsa mata daga ƙofar ɗaki, ƙwas, ƙwas, tana dakan garin magani.

Sai ga kwalabe da gwangwanaye sun fara sauka daga jirgi. Akwai kwinin, farar ƙwaya mai ɗacin tsiya wadda ke sa kunne ya yini yana ƙugi. Akwai gishirin wanke ciki, wanda in babba ya sha ba ya nisa da gida ranar. Akwai man zurma na kanti da ake toshe wa yaro hanci a ɗura masa. Akwai aidin na gyambo, da wani man shafawa mai yaji a ɗan gwangwani, a shafa a goshi, a shafa a ƙirji, a cusa a hanci, a ɗora kan harbin kunama, tsofaffi har lasa suke yi in tari ya dame su. Ba mai iya karanta sunan da ke jikinsu, don haka hoton da aka zana ake kira: Mai Zakara, Mai Tauraro, Mai Jariri. A nan in na karɓi magani sai an haɗo ni da takarda mai tsawon ɗankwali, kar ki sha da wannan, kar ki sha da wancan. A can kuwa daga hoto sai bakin mai sayarwa. In fuskarsa ta kwanta maka, maganinsa ya kwanta maka.

Babana ɗan koli ne tun asali, allura da zare, madubi, tozali, ɗan turare. Wata tafiya da ya yi Kano saro kaya, wani Balarabe mai kanti ya nuna masa baƙar kwalba mai dogon wuya, da hoton jimina tana gudu a jikinta. Ya ce masa daga Ingila take, da ita Turawa ke riƙe lafiyarsu a ƙasar zafi, kuma babu ciwon da ba ta yi. Baba ya ɗanɗana, ya ji ɗumi ya ratsa shi tun daga maƙogwaro har yatsun ƙafa, ya yarda. Daga nan koli ya koma gefe. Allah ya ba shi murya, irin wadda in ya ɗaga ta a kasuwa ana jin ta a tasha. Ranar kasuwa zai shimfiɗa buhu a gindin durumi, ya jera kwalabe, ya kaɗa 'yar ƙararrawa, sannan ya fara: "Mai Jimina ya sauka! Mai ciwon kai matso, mai ciwon ciki matso! Basir, shawara, sanyin ƙashi, kasala, tsutsar ciki, tarin da ya ƙi jin magana! Cokali ɗaya da safe, cokali ɗaya da yamma, ka tashi da gudun jimina!" Sai ya tsiyaya cokali guda ya shanye a gaban jama'a, ya yamutsa fuska, ya daka tsalle har hularsa ta karkace. Mutane su yi dariya su saya. Mai hali ya ɗauki kwalba, marar hali ya sayi cokali ɗaya a tsaye, a goge cokalin da gefen riga a ba na bayansa. Ba a daɗe ba sunan Baba na yanka ya ɓace a gari, ya zama Mai Jimina, mu kuma 'ya'yan Mai Jimina.

Kaka ba ta taɓa yarda da kwalbar nan ba. Takan ce, "Abu ɗaya ya yi maganin kai ya yi na ƙafa? Wanda ya saukar da cuta iri-iri, magani iri-iri ya saukar." In Baba ya matsa mata da bayani sai ta ce, "Maganin komai guda ɗaya na sani, haƙuri, shi kuwa ba a ɗura shi a kwalba." Amma wata shekara kayan suka daina zuwa. Baba ya je Kano sau biyu ya dawo hannu biyu, ga mutane suna ta sallama a ƙofar gida. Sai ya fara bi yana karɓo kwalaben da aka shanye, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga washegari an ɗora babbar tukunya. Sassaƙen maɗaci, tsamiya, citta, kanumfari, sai sukari da Inna ke ƙonawa a kasko har ya yi baƙi a zuba don launi. Kaka ta ce ta yarda ne don aƙalla yanzu ta san abin da jama'a ke sha. Abin da ya fi ba ta dariya shi ne matan unguwa waɗanda in ta ba su wannan tsimin a ƙoƙo kyauta sai su ce ya cika ɗaci, yanzu su ne ke aiko yara da kuɗi saboda ya shiga kwalba. Wasu dai sun ce na yanzu ba ya ɗumama jiki kamar na da. Baba ya ƙara citta.

Wankin kwalaben nan aikina ne, don ni ce babba, ko da yake lokacin ban fi shekara goma ba. Zan zauna a gindin randa, in zuba ƙananan tsakuwa da ruwa a ciki, in toshe bakin da babban yatsa in yi ta girgizawa. Sharaɗin shi ne kada ruwa ya taɓa takardar, don in jimina ta ɓare kwalba ta tashi aiki. Sai in naɗe jikin kwalbar da ganyen gwanda kafin in fara. Har yau in na ji ana kaɗa ƙanƙara a kofin gilashi, ƙarar tsakuwar nan nake ji. Ƙanena Sabo, ɗan shekara shida, ba ya barin gefena. Shi aikinsa ya ɗauki kwalbar da na wanke ya hura bakinta ta yi kukan jirgi, har kajin gida su ɗaga kai. Yaro ne mai kunne, duk abin da ya ji sau ɗaya ya ɗauka. Yakan ɗora faifai a ka ya zagaya tsakar gida yana kiran "Mai ciwon kai matso," da muryar Baba sak, har da tsallen. Kaka, wadda ke kiransa mijinta irin na wasan kaka da jika, sai ta ce, "Mijina, zo ka sayar mini da cokali ɗaya, ciwon talauci nake yi."

Ina so in yi wa Babana adalci. Shi a ransa ba damfara yake yi ba. Yawancin abin da ke kawo mutane wurinsa mura ce, da kumburin ciki, da gajiyar noma, irin ciwon da ko an sha magani ko ba a sha ba zai yi kwanakinsa ya tafi. Su warke, su dawo su yi masa godiya, wani har da kaza. In mutum ya ga haka sau ɗari, dole ya yarda. Sannan a ƙasan adakarsa akwai kwalba ɗaya ta asali, ba a taɓa buɗe ta ba, a naɗe cikin tsohon rawani. Yakan ce wannan ta gida ce, ta ranar da ba a fata. Da ya san ƙarya ce, da bai ajiye wa 'ya'yansa ba.

Ranar da ba a fata ta zo cikin wata bazara mai zafin da ban sake ganin irinsa ba. Sanƙarau ya shigo gari. Yau a ce yaron gidan wane yana ciwon kai, gobe wuyansa ya sandare, jibi a ji kuka. Mai unguwa ya sa aka yi shela a daina cunkushewa a ɗaki, a riƙa kwana a fili. Duba-gari suna bi gida-gida. Aka kafa rumfunan zana a bayan gari, aka ce duk wanda ya kamu a kai shi can. Amma labari ya bazu cewa allura ake soka wa mutum a gadon baya a zuƙe masa ruwan jiki, wanda ya shiga kuma ba ya fitowa. Don haka mutane suka shiga ɓoye marasa lafiya, in duba-gari sun zo a ce yaro ya tafi ƙauye. A wannan lokacin ne wani ya tambayi Baba a kasuwa ko Mai Jimina yana rigakafin sanƙarau. Baba ya ce ai babu ciwon da ba ya yi. Ranar kasuwa ta gaba sai na ji kalmar ta shiga cikin kiran tallarsa, tsakanin shawara da sanyin ƙashi. Tukunyar Kaka ba ta sauka daga murhu ba a makonnin nan, yatsuna har suka yi fari don wankin kwalba.

Wata rana da azahar Sabo ya bar wasa ya zo ya kwanta a cinyar Inna ya ce kansa zai fashe. Kafin la'asar ya yi amai sau uku, jikinsa kamar garwashi. Kaka ta yi masa sirace, ta shafa masa abin da za ta shafa, sannan ta sa hannu a ƙeyarsa ta ɗan ɗago kan. Ya ƙwalla ƙara. Na ga ta dubi Inna, Inna ta dube ta, ba wadda ta ambaci sunan ciwon. Baba ya buɗe adaka ya warware rawanin nan, ya yi bisimilla ya fasa murfin kwalbar. Cokali ɗaya da safe, cokali ɗaya da yamma, kamar yadda yake faɗa wa mutane. Duba-gari suka zo washegari, ya tare su a zaure ya ce kowa lafiya. Ni aka sa in riƙa yi wa Sabo fifita. Ba ya son haske, in an ɗaga labule sai ya runtse ido ya yi nishi. A rana ta biyu bayansa ya fara lanƙwashewa, ƙeyarsa tana neman komawa baya.

Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwa. Da hantsi Baba ya shigo ɗaki da cokali a hannu. Inna ta sa hannu ta tare. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta musa masa magana ba.

"Malam, ya isa haka."

"Bari ya sha na yau. Wannan na asali ne, ba haɗin gida ba. Sai ya kwana uku yake kama jiki."

"Kwana ukun ke nan. Dubi wuyansa. Dubi idonsa, ko ni bai gane ba."

"Kin san abin da ake yi musu a can? Allura ake soka musu a baya."

"Na sani. Na kuma san abin da ake yi musu in an bar su a ɗaki." Ta jawo mayafinta daga kan igiya, ita da ba ta taɓa taka ƙofar zaure da rana ba tun da aka kawo ta gidan. "Ko ka ɗauke shi, ko ni in goya shi in fita."

Baba ya juya wurin Kaka da ke tsaye a bakin ƙofa. "Iya, kina jin ta?"

"Ina ji," in ji Kaka. "Na gwada nawa, ka gwada naka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauko mini mijina mu tafi."

Hanyar bayan gari ta tsakiyar kasuwa ta ratsa. Akwai wata ta zagaye ta cikin gonaki, amma nisanta ya ninka. Na ga Baba ya tsaya a mararrabar da Sabo a kafaɗarsa, sannan ya miƙe ta kasuwa. Ina biye da tabarma da buta, Kaka tana bayana da sandarta. Da farko masu rumfuna suna ta kiransa, "Mai Jimina, yau ba shimfiɗa ne?" Sai su ga yadda kan yaron ya koma baya, su yi shiru. Shirun nan ya riƙa tafiya a gabanmu rumfa-rumfa, mata masu tallar nono suna janye ƙoransu daga hanya. Da muka zo daidai mahauta, wani daga cikinsu ya ce, "A'a, Mai Jimina, ina kwalbar taka? Ba ka ba shi ba ne?" Har yau ban sani ba ko ba'a ce ko tambaya ce ta tsakani da Allah. Baba bai amsa masa ba sai da ya kai gindin durumin da yake shimfiɗa buhunsa. A nan ya tsaya, ya gyara yaron a kafaɗa, ya ɗaga muryar nan tasa da ake ji har tasha.

"Jama'a, ku saurara! Wannan ɗana ne, sanƙarau ne ya kama shi. Kwana uku ina ba shi Mai Jimina, na asali, bai yi masa komai ba. Abin da na faɗa muku a wurin nan ba haka ba ne. Duk wanda ke da mai ciwon wuya a ɗaki ya fito da shi yau, kada ya kai gobe."

Ya ci gaba da tafiya. Kafin mu wuce turakun shanu na waiwaya na ga mutum biyu a bayanmu, ɗaya da yarinya a goye, ɗaya yana jan jaki da matarsa a kai, wani yana tallafe da ita.

A bakin rumfunan zanan bayan gari wani malamin asibiti ne ya tare mu, dogo, da farar riga da gajeren wando. Aka shiga da Sabo, Kaka ta bi shi, mu aka tsayar da mu a bakin shinge. Can malamin ya fito yana goge hannu ya tambayi Baba kwana nawa da farawa. Baba ya ce uku. Malamin ya girgiza kai ya ce, "Me kuka ba shi?" Baba ya zaro kwalbar daga aljihu. Malamin ya juya ta ya miƙo masa, zai wuce, sai Baba ya riƙe masa hannu. Baba yana karatun ajami, amma boko bai san ko baƙi ɗaya ba.

"Malam, don Allah karanta mini abin da ke jikinta."

Malamin ya ɗaga ta ya duba. "Sun ce tana sa cin abinci, tana kawar da gajiya."

"Sai me?"

"Sai sunan masu yin ta. Ga kuma ƙananan baƙaƙe a ƙasa, sun ce akwai barasa a ciki."

Baba ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya karɓi butar da ke hannuna ya tsuguna ya kurkure bakinsa sau uku, kamar a lokacin ya sha. Sannan ya zauna a ƙasa a gindin shingen nan cikin rana. A nan ya riƙa yini kullum, ni kuma ina kawo musu kunu da fura daga gida, in miƙa wa Kaka ta saman zana.

Bayan kamar mako biyu aka sallami Sabo. Ya rame, ƙafafunsa kamar sillen kara, amma da ransa. Yarinyar da aka biyo mu da ita ma ta tashi, matar kan jakin ce ba ta fito ba. Muna ta murna, mun ɗauka shirun da yake yi na rashin ƙarfi ne. Sai wata yamma jirgi ya yi kuka a tasha, duk yaran gidan suka zabura, shi kuwa yana zaune yana wasa da ƙasa, ko waiwaye bai yi ba. Inna ta je bayansa ta kira sunansa. Ta sake kira da ƙarfi. Ta ɗauki tasa ta buga da ludayi dab da kunnensa. Sai da inuwarta ta faɗo gabansa ya ɗago ya yi mata murmushi. Inna ta shiga ɗaki. Kaka ta jawo shi jikinta ta ce, "An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Mu namu kunnen ya tafi ya bar mana jikin. Alhamdu lillahi."

Ba a sake ɗora tukunyar nan ba. Kwalaben suka koma hannun Inna, wasu na man gyaɗa, wasu na kananzir. Baba ya koma kolinsa, allura da zare da madubi, a gindin durumin dai, amma ba ƙararrawa ba kira. Gidanmu ya ji a jikinsa, nama ya zama sai ranar Juma'a. Akwai waɗanda suka daina gaishe shi, musamman gidajen da suka yi rashi bayan sun sayi kwalba. Bai taɓa kare kansa ba, in sun wuce shi ke fara sallama. Akwai kuma masu zuwa a ɓoye su ce ko da saura, ai su ya yi musu amfani. Sai ya ce in mura ce su ga Iya, in ta fi mura su tafi asibiti. Sunan Mai Jimina dai bai bar shi ba har ya koma ga Allah. 'Yata da na ba ta labarin nan ta ce, "Mama, ciwon nan haka yake, ko a ranar farko aka kai yaro yana iya rasa ji." Na yarda da ita, ita ta karanta. Amma ba a sami wanda ya faɗa wa Baba haka ba, kuma na san shi, da an faɗa masa ma ba zai karɓa ba.

Bai taɓa yi mana zancen kwana ukun nan ba, ko sau ɗaya. Abin da muka gani kawai, mutumin da ya rayu da murya ya koma koyon magana da hannu. Shi ya ƙirƙiro yawancin alamun da muke yi da Sabo a gida. Shi ya kai shi wurin tela ya koyi ɗinki, ya zauna tare da shi makonnin farko yana nuna masa abin da telan ke nufi. A masallaci kuwa kullum yana damansa. Kurma yana ganin ruku'u yana ganin tsayuwa, amma in goshi ya taɓa ƙasa ba ya jin kabbarar liman. To, Baba ne ke ɗan taɓa shi da gwiwar hannu, sai su ɗago tare. Haka suka yi salla biyar a rana, tun Sabo yana yaro har ya yi aure, har furfura ta fara fito masa. Saboda wannan Baba bai ƙara kwana a wani gari ba, ko Kano bai sake zuwa saro kaya ba, sai dai ya ba da saƙo.

Lokacin da Baba ya rasu ina aure a Kaduna, ban iso ba sai washegari. Na tarar da Sabo a zaure, ya ja ni gefe. Maganarsa ta tsaya ne a inda ciwon ya same shi, kalmomin ɗan shekara shida a bakin dattijo, sauran kuma da hannu yake cikawa. Ya ce da suka dawo daga maƙabarta aka tayar da sallar la'asar, ya shiga sahu a wurinsa na kullum. Ya yi ruku'u da mutane, ya yi sujada da mutane. Ya ji motsi a gefensa, amma jikinsa bai saba tashi da wannan ba, sai ya ci gaba da tasbihi. Da abin ya yi tsawo ya ɗago kai, ya ga jama'a sun riga sun kai raka'a ta gaba, ba wanda ya tuna ya taɓa shi.

Ya dafa damansa, inda babu kowa, ya ce, "Yaya, ni ina ƙasa. Ina jira Baba ya taɓa ni."